Kafin ka ɗora wa Linux laifi, duba kabul ɗin ekran ɗinka

A watan da ya gabata ɗan yayata, wanda ke karatu a jami'a, ya iso gidana da la'asar da akwatin kwamfuta ɗaure a bayan babur, abokinsa na rungume da ekran. Wansa da ke ci-rani a Beljiyam ne ya aiko masa da ita, irin kwamfutocin ofis ɗin nan da Turawa ke sallamawa bayan sun ci moriyarsu. Wani abokin karatunsa ya sa masa Linux Mint a kai. Kwamfutar tana tashi lafiya lau, amma hoton da ke fitowa abin dariya ne: haruffa manya-manya kamar na allon ƴan aji ɗaya, fuskar mutum a baje kamar an zauna a kanta, shafi guda ba ya shiga ekran sai an yi ta ja sama da ƙasa. Da ya shiga wurin saitin ekran ya tarar zaɓi biyu kacal, 1024x768 ko 800x600, alhali ekran ɗin na 1920x1080 ne.

Ya ce: "Kawu, mai gyara ya ce wai Linux ba ya tafiya da irin wannan na'ura. In kawo jikka 5 ya goge, ya mayar mini da Windows."

Na ce ya dakata tukuna. Na cire kabul ɗin VGA da ya haɗa ekran da akwatin, siriri ne marar nauyi, irin wanda ake ratayewa a bakin shago. Na ɗauko tsohon nawa mai kauri na sa, muka sake tayar da kwamfutar. Hoto ya fito tas, daidai girman ekran. Ba mu taɓa ko da maɓalli guda a cikin Linux ɗin ba. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Abin da ya sa na ga wannan ƙaramar magana ta cancanci a rubuta ta shi ne lokacin da muke ciki. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi, wanda shi ma na ɗan lokaci ne. Windows 11 kuwa yana da sharuɗɗa: sai kwamfuta tana da ɗan guntun tsaron da ake kira TPM 2.0, kuma ƙwaƙwalwarta, idan ta Intel ce, ta kasance daga ƙarni na 8 zuwa sama, wato ƙirar 2017 da bayanta. Duk wanda ya zaga shagunan ƴan kwamfuta a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san irin kayan da ke cike da kanta. Da yawansu sun girmi wannan sharaɗi. Su ne ɗalibanmu ke rubuta kundin kammala karatu da su, su ne a wuraren buga takardu da ƙananan ofisoshi. Lafiyarsu ƙalau, za su iya ƙara shekaru suna aiki. Zaɓin da ya rage musu uku ne: a bar su da Windows ɗin da ba a toshe masa ɓaraka, a ɗora musu Windows 11 na ƙarfa-ƙarfa da aka yi wa dabara, ko a sa musu Linux, wanda kyauta ne, halal ne, kuma ana ci gaba da gyara shi.

Matasa da dama sun fara gwada na ukun. Inda suke yawan karaya kuma wuri guda ne: ekran. Idan firinta ta ƙi aiki mutum yana iya haƙuri ya nemi mafita, domin yana ganin abin da yake yi. Idan ekran ya yi baƙi ƙirin kuwa, ba abin da zai karanta, ba inda zai latsa. Nan take sai ya yanke hukunci cewa abin nan ba namu ba ne. Ni kuwa ina ganin a mafi yawan lokuta hukuncin kuskure ne, kuma wanda ke cin ribar kuskuren shi ne mai karɓar kuɗin gogewa.

Kafin hoto ya bayyana, abubuwa uku ne sai sun fahimci juna. Akwai ekran, akwai kart grafik mai zana hoton, akwai kuma ƴar manhajar da muke kira pilot, wasu su ce direba, wadda aikinta aikin tafinta ne tsakanin kart ɗin da Linux. Da zarar an kunna kwamfuta, ekran yakan gabatar da kansa: ga sunana, ga girmana, ga irin saurin da nake iya ɗauka. Wannan takardar shaidar tasa ita ake kira EDID, ƴar ƙarama ce, asalinta baiti 128. A kabul ɗin VGA mai ƙafa 15, wanda kamfanin IBM ya fito da shi tun 1987, ta ƙafa ta 12 da ta 15 wannan bayani ke bi, hoton kuma ta wasu ƙafafun daban. Shi ya sa kabul zai iya kawo hoto amma bai kawo takardar shaida ba: ko ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, ko ta karye, ko masu ƙera na araha ba su ma ja waya zuwa gare ta ba. Idan Linux bai ji daga ekran ba, ba ya yin kasada, sai ya koma ƙaramin girman da ya san kusan kowane ekran zai ɗauka. Abin da ya sami ɗan yayata ke nan.

Wani zai ce, to ai da wannan kabul ɗin Windows yana aiki. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba. Windows ma ba ya jin ekran ɗin a irin wannan hali, amma sau da yawa yakan ba ka jerin girma mai tsawo ka zaɓa da kanka. Linux yakan taƙaita. Bambancin hali ne, ba shaida ba ce cewa na'urar ba ta dace ba. Haka ma ƴan adaftan nan masu juya HDMI zuwa VGA: na banza a cikinsu sukan haɗiye bayanin ekran ko su aika nasu na ƙarya. Kuma hanya ɗaya suke bi. Wanda aka yi don ya karɓa daga HDMI ya miƙa wa VGA ba zai yi aiki a juye ba, ko da kai ya shiga rami.

Wanda ba shi da wani kabul a kusa yana iya tilasta girman da hannu. Umarnin cvt 1920 1080 60 yana lissafa masa layin lambobin da ake buƙata, sai ya miƙa su ga xrandr da --newmode sannan --addmode. Yana aiki, amma yana gushewa idan an kashe kwamfuta sai an adana shi a fayil, kuma a tsohon tsarin nuni na X11 kaɗai yake ci. Linux Mint har yanzu da shi yake tashi, Ubuntu kuwa tun fitowar 21.04 ya koma sabon tsari mai suna Wayland. Saboda haka matashi zai kwafo umarni daga wani bayani na shekara 10 da suka wuce, ya buga, ya ga ba abin da ya canza, ya ƙara tabbatar wa kansa cewa Linux ɗin ne ba shi da kirki. Ni dai shawarata, a sayi kabul mai kyau a huta.

Baƙin ekran shi ne mai tayar da hankali, kuma nan ne ya kamata a nutsu. Abu na farko, a lura da lokacin da baƙin ke zuwa. Idan tambarin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya fito sarai da an kunna, sai daga baya haske ya ɗauke, to ekran lafiyarsa lau, kart ɗin ma yana aiki. Tafinta ne ya rikice. Idan kuwa tun a tambarin farko ana ganin layuka-layuka, ko launi yana rawa, ko ba komai sam, wannan ciwon ƙarfe ne, ba Linux ba Windows da zai warkar da shi. A ƙasa irin tamu inda ƙurar hunturu ke cika fanka, zafin watan Afrilu kuma ya zo ya gasa abin da ya rage, irin wannan ciwo ba baƙo ba ne. Wannan bambancin kaɗai, da masu gyara za su riƙa yinsa a gaban mai kaya, da an rage asara mai yawa.

Idan tafinta ne, akwai ƙofar baya. Lokacin tashi a riƙe maɓallin Maj, ko a riƙa taɓa Échap, har jerin zaɓin GRUB ya bayyana. A latsa e, a nemo layin da ke ɗauke da kalmomin quiet splash, a ƙara nomodeset a bayansu, a latsa F10. Ma'anar kalmar ita ce a ce wa Linux ya bar kart ɗin yadda ya same shi, kada ya karɓi ragamar hoto da kansa. Ga wani tarko da ya shafe mu musamman: a wannan mataki kwamfuta tana ɗaukar allon rubutu a matsayin na Amurka ne, mu kuwa yawancin namu na Faransa ne, mai farawa da AZERTY. Idan ka latsa m sai wata alama ta fito. Harafin m yana kan maɓallin waƙafi, wanda ke dama da n. Na ga wanda ya yi kusan awa guda yana fama a kan wannan harafi ɗaya.

Sai dai nomodeset sanda ce ta dogarawa, ba ƙafa ba ce. Da ita hoto yakan zo ƙarami, bidiyo ya riƙa tsinkewa, ekran na biyu ya ƙi fitowa, rage haske ma ya gagara. Amfaninta ka samu ka shiga, ka haɗa intanet, ko da ta wayar salula ce da kabul ɗin caji, ka buɗe Pilotes additionnels a Ubuntu ko Gestionnaire de pilotes a Mint, ka sa pilot ɗin da aka ba da shawara. Wanda ya bar ta dindindin ya ce ya gyara, ya rufe ciwo ne da tsumma. A tabbatar kuma batir ya cika ko akwai abin riƙe wuta kafin a fara, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar sa pilot tana iya mayar da mutum baya fiye da inda ya taso. Ko a hakan ba a rasa komai ba: Ctrl da Alt da F3 sukan buɗe baƙin shafin rubutu inda za a shiga a gyara, fayiloli kuma suna nan ba abin da ya taɓa su.

Akwai kuma shuɗin shafin da ke fitowa sau ɗaya bayan an sa pilot a kwamfutar da Secure Boot ke kunne. Da Turancin Ingilishi yake, yana ƙirga daƙiƙu, mutane sukan tsorata su wuce shi. Alhali tambaya yake ko ka amince da sabon pilot ɗin. Idan ba a zaɓi Enroll MOK aka sa kalmar sirrin da aka ƙirƙira lokacin sawa ba, kwamfuta za ta ƙi loda pilot ɗin, a koma gidan jiya. Nan ma allon rubutun na Amurka ne, don haka a zaɓi kalmar sirri da haruffan da ba sa sauya wuri, a guji a, q, z, w, m da lambobi.

To me ya sa wata kwamfutar ke tashi sumul, wata kuma sai an sha wannan wahala? Amsar tana wurin masu ƙera kart. Intel da AMD sun daɗe da sakin pilot ɗinsu a fili, yana cikin cibiyar Linux kanta, shi ya sa mai irin waɗannan kart ɗin sau da yawa ba ya ma sanin akwai wani abu wai shi pilot. Nvidia kuwa ta yi shekaru tana riƙe da nata a rufe. Ƴan sa-kai ne suka zauna suna lalube, suna gano yadda kart ɗin ke aiki ba tare da cikakken bayani daga kamfanin ba, suka haɗa wani pilot mai suna nouveau. A 2012, a jami'ar Aalto ta ƙasar Finlan, wata mai sauraro ta yi wa Linus Torvalds, mutumin da ya fara Linux a 1991, ƙorafin cewa kwamfutarta mai kart biyu ta ƙi tafiya daidai. Ya amsa cewa Nvidia ce kamfani mafi wahalar sha'ani da suka taɓa hulɗa da shi, har ya yi wa kamfanin daƙuwa irin ta Turawa a gaban kyamara. Sai a watan Mayun 2022 kamfanin ya fara buɗe wani ɓangare na pilot ɗinsa, shi ma don kart ɗin da aka ƙera daga 2018 zuwa sama.

Ka ga ke nan tsofaffin da ke isowa kasuwanninmu ba su cikin rabon. Pilot ɗin Nvidia na jerin 340 an daina kula da shi a ƙarshen 2019, na jerin 390 a ƙarshen 2022. Mai irin wannan kart, nouveau ne gatansa. Idan kwamfutar cinya ce mai kart biyu, wasu, irin ThinkPad T420, suna ba da dama a shiga BIOS a kashe na Nvidia a bar na Intel kaɗai. Ga mai rubutu da lissafi da kallon bidiyo ba abin da ya rasa, batir ma ya fi daɗewa, zafi ya ragu. Idan mutum ya ga baƙin ekran a irin wannan na'ura ya ce kayan kyauta ba su da inganci, ya juya maganar ne. Ɓangaren da ke buɗe shi ne ke aiki. Inda aka kulle ne ake tuntuɓe.

Masu haɗa kwamfuta da tele, su kuma kukansu gefen hoto ne ke yankewa, sandar ƙasa ta ɓace. Wannan daga tele ɗin ne, yana faɗaɗa hoto kamar yadda aka saba yi wa tashoshi. A rimot ake gyara shi, wurin girman hoto.

Ban ce ƴan Linux ba su da nasu laifin ba. Wasu daga cikin matasanmu da suka iya, da zarar sun sa wa aboki sai su kama gabansu, idan ya kira da matsala a ce masa ya je ya bincika. Wasu kuma sai su zaɓar wa sabon shiga nau'in da ya fi wuya don a san sun iya. Ga tsadar intanet: Ubuntu na yanzu ya kai wajen giga 6, Mint wajen 3, pilot ɗin Nvidia ɗaruruwan mega. Ga ɗalibin da ke lissafin forfe ɗinsa, wannan ba wasa ba ne, kuma wanda bai faɗa masa tun farko ba bai kyauta masa ba. Babban sakacin kuwa shi ne rashin gwaji. Linux yana tashi daga kile USB ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Minti 15 sun isa a ga ko hoto ya cika ekran, ko haske na raguwa, ko ekran na biyu da na'urar haska bango suna fitowa. Idan ya ƙi tun a nan, Ubuntu yana da zaɓin safe graphics, Mint yana da compatibility mode, kuma ka riga ka san akwai aikin pilot a gabanka. Wanda ya goge komai kafin ya gwada, ranar da zai gabatar da kundinsa a gaban malamai ce zai gane na'urar haskawa ba ta ganin kwamfutarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu gyara kuwa, ina jin dalilinsu. Gogewa a mayar da Windows aikin awa guda ne da hannu ya saba, kuɗinsa a bayyane. Binciken kabul ko ƙara kalma ɗaya a GRUB, wa zai biya ka a kansa? Amma lissafin gajere ne. Kwamfutocin da Windows 11 ya ƙi ba raguwa za su yi a kasuwa ba, ƙaruwa za su yi, domin ofisoshin Turai da Amurka da ke sauya kaya nan za su turo su. Mai gyaran da ya iya tsayar da Linux a kansu, ya san wace ke buƙatar me, shi zai riƙe makarantu masu zaman kansu da wuraren buga takardu na unguwarsa. Kuma ba abin ƙasƙanci ba ne. Jandarmomin Faransa sun fara komawa Ubuntu tun 2008, suna da nasu nau'in mai suna GendBuntu a dubun-dubatar kwamfutoci. Jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 kan Linux da LibreOffice. Waɗanda ke da kuɗin lasisi ke nan. Mu da ake ta maganar dogaro da kai a kowane taro, abin kunya ne a ce kabul na jikka guda ya kore mu. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ɗaliban sashen kwamfuta na jami'o'in Abdou Moumouni, Dan Dicko Dankoulodo, André Salifou da Djibo Hamani za su iya farawa da abu mai sauƙi: shafi biyu da Hausa, da hotuna, kan abin da za a yi idan ekran ya yi baƙi, a liƙa a shagunan gyara, a yaɗa a WhatsApp.

Ku kuma ƴan uwa mazauna ƙetare da ke aiko wa ƙanne da ƴaƴa kwamfuta, rabin maganin yana hannunku tun kafin kaya su hau jirgi. Ku duba takardar bayanin na'urar. Idan don karatu ce da aikin ofis, wadda ke da kart ɗin Intel ko AMD kaɗai ta fi wadda aka liƙa wa tambarin Nvidia na shekara 12 da suka wuce, ko da mai sayarwa ya ce ta fi ƙarfi. Idan da hali ku gwada ta da kile a can inda intanet ke da arha, ku sa mata komai, ku sabunta ta kafin ku rufe kwali. Idan ta tebur ce, ku haɗo da kabul ɗinta na asali, kuma in ekran ɗin yana da ramin HDMI, DVI ko DisplayPort, a yi amfani da shi a bar VGA.

Ɗan yayata ya tafi da kabul ɗina, har yau bai dawo da shi ba. Ya dai aiko saƙo cewa abokan ɗakinsu biyu sun kawo masa nasu kwamfutocin. Ɗaya ta tashi da nomodeset da sabon pilot. Ɗayar layuka take yi tun daga tambarin farko, ya ce wa mai ita ya kai a buɗe a share mata ƙura, in ba ta daina ba kart ɗin ne ya ƙone.